Likita ya ce Baba zai sha magani har ƙarshen rayuwarsa: wace irin cuta ce wannan?

Ɗan Autan Baba:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon ma'aikatan lafiya da duk wanda ya taɓa jinyar iyayensa su taimake ni da bayani, domin wata magana ta raba kan gidanmu, ni kuma na kasa kare abin da zuciyata take gaya mini shi ne daidai.

Mahaifinmu yana da shekara 63, ɗan kasuwar hatsi ne, kuma a iya wayona bai taɓa kwana a asibiti ba. A daminar bara ya fara kukan cewa yana tashi fitsari sau huɗu ko biyar kafin asuba, ga ƙishirwa da ba ta yankewa, har ya koma kwana da gorar ruwa a gefen shimfiɗarsa. Mahaifiyarmu ce ta lura cewa tururuwa na taruwa a makewayi duk lokacin da ya fito. Da muka kai shi asibiti aka gwada jininsa, sai aka ce ciwon suga ne, sannan aka ƙara da cewa yana da hawan jini, wanda shi bai taɓa jin alamarsa ba ko sau ɗaya. An rubuta masa metformin da amlodipine, likitan kuma ya gaya masa a gabana cewa zai riƙa shan su kullum, babu ranar dainawa.

Ya yi wata 4 yana sha, jikinsa ya murmure, fitsarin dare ya ragu, ya koma kasuwa kamar da. Daga nan sai ya ajiye maganin, ya ce ya warke. Baffanmu ya kawo masa jarka biyu ta wani jiƙo, wanda mai sayarwa ya ce cikin kwana 40 yake kawar da ciwon suga gaba ɗaya. Baffa yana cewa maganin da ba ya warkarwa kasuwanci ne kawai, yana kuma kawo hadisin da ya ce Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar da maganinta. Ni ne ƙarami a gidan, ba ni da bakin ja da su.

Abin da nake so in fahimta shi ne, me ya sa waɗannan cututtuka ba sa warkewa kamar sauran? Shin Baba ɗauka ya yi a wani wuri, har mu ji wa mahaifiyarmu tsoro? Mu 'ya'yansa za mu gada? Na kuma ji a rediyo ana haɗa ciwon suga da ciwon zuciya da ciwon daji a rukuni ɗaya, alhali a ganina ba abin da ya haɗa su.

Malamar Asibiti:

Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Ƙanena, ban ga laifin Baba ko na Baffa ba, domin yawancinmu zazzaɓin cizon sauro ne ya koya mana abin da ake kira cuta. A zazzaɓi akwai baƙon da ya shigo jiki daga waje, a sha magani kwana 3, a kashe shi, kowa ya koma harkarsa. Ko tarin fuka, duk da wahalar jinyarsa, a mafi yawan lokaci wata 6 ake yi a kashe ƙwayar cutar a sallami majinyaci. Wanda ya tashi da wannan a ransa dole ya yi mamaki idan aka miƙa masa magani aka ce ba shi da ranar ƙarewa.

A ciwon Baba babu baƙon da za a kashe, aikin jikin ne da kansa ya sauya. Duk abin da muka ci na tuwo da shinkafa da burodi da fura yana narkewa ya zama sukari a cikin jini, sukarin kuma ba ya shiga tsoka ya zama ƙarfi sai da taimakon wani sinadari mai suna insulin, wanda wata gaɓa da ke kwance a bayan tumbi take samarwa. A irin ciwon da yake kama manya, wato nau'i na biyu, wanda shi ne ke damun fiye da kashi 90 cikin 100 na masu ciwon suga, jiki ne yake daina amsa kiran insulin yadda ya kamata, sai gaɓar nan ta yi ta ninka aiki shekara da shekaru har ta gaji. Idan sukarin ya taru ya wuce abin da ƙoda za ta iya riƙewa, sai ta zubar da shi ta fitsari, shi kuma sukari yana jan ruwa ya tafi da shi. Ka ga dalilin fitsarin dare, ka ga dalilin ƙishirwa, ka kuma ga abin da ya tara tururuwar da Mama ta gani. Metformin yana rage sukarin da hanta take zubawa a cikin jini, yana kuma taimaka wa jiki ya ƙara jin insulin, amma ba ya mayar da gaɓar da ta gaji sabuwa. Lafiyar da Baba ya ji bayan wata 4 aikin maganin ce, ranar da aka janye shi kuma sukari zai fara hawa a hankali.

Hawan jini ya fi ba ni tsoro a kan Baba, saboda shi kisan mummuƙe yake yi. Ana cewa mutum yana da shi idan an auna shi a ranaku daban-daban aka samu 140/90 ko sama da haka, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan rabin manyan da ke da shi ba su ma san suna da shi ba. Jinin yana dukan bangon jijiyoyi dare da rana, zuciya tana kauri saboda turin da take yi, ƙananan jijiyoyin ƙoda da na ido suna lalacewa, mutum kuwa yana cin kasuwarsa lafiya lau, har ranar da wata jijiya za ta toshe ko ta fashe a ƙwaƙwalwa, ɓarin jiki ya shanye. Amlodipine yana sassauta jijiyoyin ne jini ya samu hanya, idan an daina sha kuma cikin 'yan kwanaki sukan koma yadda suke. Da za ka samu dama, ka tuna wa Baffa gidan ƙasa. Duk shekara sai an yi masa yaɓe kafin damina, kuma ba wanda ya taɓa cewa magini ya cuce shi don bai hana ruwan baɗi sauka ba.

Fassarar hadisi aikin malamai ne, na bar musu. Abin da zan iya faɗa a matsayina shi ne, kafin 1921 yaron da ya kamu da ciwon suga nau'i na ɗaya ba ya daɗewa a duniya. A wannan shekarar ce Frederick Banting da Charles Best suka fitar da insulin a birnin Toronto na ƙasar Kanada, a watan Janairun 1922 aka yi wa wani yaro ɗan shekara 14 allurarsa yana gab da mutuwa, ya tashi ya ƙara shekara 13 a duniya. Ciwon bai bar jikinsa ba, allurar ce ta riƙe shi. Ni dai ban san sunan da zan ba wannan abu ba in ba magani ba.

Game da Mama, ka kwantar da hankalinka, ba a ɗaukar ciwon suga ko hawan jini ta cin abinci a kwano ɗaya ko kwana a ɗaki ɗaya. Gado kuwa akwai shi, sai dai abin da ake gada shi ne saurin kamuwa, sauran kuma ya danganta da ƙiba, musamman ta teɓa, da irin abinci, da yawan zama. Saboda haka kai da yayyenka ku riƙa auna jininku, ku kuma gwada sukari da safe kafin ku karya. Idan aka samu 126, ko 7.0 a ɗaya ma'aunin da wasu asibitoci ke amfani da shi, aka sake gwadawa aka sake samu, to ciwon ya tabbata.

Haɗa su da ake yi a rukuni ɗaya yana da dalili. Dukansu ba sa yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, suna ginuwa a hankali cikin shekaru, kuma tushensu yakan zo ɗaya: taba, da gishiri da sukari da maiƙo da suka yi yawa, da rashin motsa jiki, da giya, da gurɓatacciyar iska, har da hayaƙin icen girki. An daɗe kafin a gane haka. A 1948 ne aka fara bin rayuwar mutum 5,209 a garin Framingham na Amurka, ana auna su lokaci bayan lokaci, daga nan aka tabbatar cewa hawan jini da kitsen jini da taba da ciwon suga su ne manyan masu share wa ciwon zuciya hanya. Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 sun nuna cewa waɗannan cututtuka suna kashe mutum miliyan 41 a shekara, wato kashi 74 cikin 100 na mace-macen duniya, kuma cututtukan zuciya da jijiyoyin jini kaɗai sun ɗauki miliyan 17.9. Abin da ya fi shafar mu shi ne, cikin waɗanda cututtukan nan suke kashewa kafin su kai shekara 70, kashi 86 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Maganar cewa ciwon masu kuɗi ne ta daɗe da faɗuwa.

Jiƙon kuma ba wanda ya san abin da ke cikinsa ko yawansa, ga shi ƙodar mai suga da hawan jini dama a wahale take. Ku yi ƙoƙari Baba ya koma asibiti a makon nan.

Maman 'Yan Biyu:

Ƙanena, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma na ga ƙarshen irin wannan hanya da idona. Mahaifiyata ta ajiye maganin hawan jini wata bakwai saboda ta daina jin ciwon kai. Wata asuba tana alwala sai buta ta suɓuce daga hannunta na dama, ta sunkuya za ta ɗauka ta kasa, da ta buɗe baki za ta kira ni sai na ga bakin ya karkace, maganar ba ta fita. Muka ce iska ce ta buge ta, aka yi kwana biyu ana tofi ana turare kafin mu kai ta asibiti, inda aka gaya mana cewa a irin wannan ciwo sa'o'in farko su ne komai. Yau shekara 5 ke nan, ni nake yi mata wanka, ni nake juya ta a kan gado don kada bayanta ya yi gyambo. Ba na hana kowa addu'a, mu ma kullum muna yi, amma a yi ta a cikin mota ana kan hanyar asibiti.

Abin da zan ƙara a kan bayanin Malama shi ne tukunya, domin rabin jinyar Baba a hannun Mama take. An ce mana kada gishirin da mutum zai ci a yini ɗaya ya kai giram 5, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, kuma da na dunƙule da na yaji da na burodi duk a ciki. Da na zauna na lissafa dunƙulen da nake jefawa a miyar kuka guda ɗaya, bayan gishirin da na riga na barbaɗa, sai jikina ya yi sanyi. Na rage a hankali, na ƙara daddawa da albasa da tafarnuwa da citta, cikin 'yan makonni harshen kowa ya saba. Kada ku ware wa Baba tukunyarsa daban, dattijo yana jin haka kamar an fitar da shi daga gidansa, kuma ku ɗin ma da kuke da gadon abin kuna bukatar irin abincin. Kanwa ma 'yar'uwar gishiri ce. Lokacin da na haifi 'yan biyu ungozomar asibiti ta hana ni yawan kunun kanwa, ta ce tun shekarun 1970 likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka kuma danganta hakan da kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a kan gado mai wuta.

Sannan kada ka tunkari Baba da kanka a gaban ƙanensa. Ka nemi babbar yayarku, ko wani amininsa da suke sa'anni, shi ya yi masa maganar su biyu.

Tsohon Malamin Firamare:

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka damu da mahaifinka. Na gamsu da bayanin Malama, amma ina da gyara a kan ciwon daji, domin kalmar nan ta "ba ya warkewa" ta yi mana ɓarna a gida. Ƙanwata ta ji ƙullutu a nononta ta ɓoye fiye da shekara ɗaya, saboda ta taso tana jin cewa daji ba ya son ƙarfe, wai da zarar an taɓa shi da allura ko wuƙar tiyata sai ya bazu. Sa'ad da muka sani ya riga ya fashe, ya kai hammata. Likitan da ya duba ta ya ce da a watannin farko ta zo, da maganar warkewa ake yi. Allah ya jiƙanta. Daji tsoka ce ta jikin mutum da ta ƙi tsayawa inda aka yi mata iyaka, tana ta hayayyafa, kuma muddin tana wuri ɗaya ana iya cire ta ko a ƙona ta. Abin da ya sa mutane ke ganin kamar asibiti ne ke tayar da shi shi ne, ba a kai majinyaci sai ciwon ya gama bin jiki.

Kuma duk da cewa daji ba ya yaɗuwa tsakanin mutane, wasu daga cikinsa ƙwayar cuta ce mafarinsu. Dajin hanta, wanda yake ɗaukar mazaje a tsakiyar ƙarfinsu, yawancinsa a ƙasashenmu daga ciwon hanta nau'in B yake tasowa, wanda akan ɗauka tun a ƙuruciya ya yi ta cin hanta a ɓoye, shi ya sa ake son a yi wa jariri allurar rigakafinsa cikin awa 24 da haihuwa. Dajin bakin mahaifa kuma ƙwayar HPV ce ke jawo shi, kuma tun watan Oktoban 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafinta kyauta. Na kai jikokina mata biyu da kaina. Tunda ka ce mahaifinka ɗan kasuwar hatsi ne, ka gaya masa cewa gyaɗa da masara da aka adana da danshi suka yi funfuna suna ɗauke da wata guba mai suna aflatoksin, wadda dafawa ba ta kashe ta, kuma idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B haɗarin dajin hanta yana ninkuwa sosai. Shi ya fi mu sanin buhun da ya sha raɓa.

Mai Shekara 11 da Suga:

Malam, ka binciki ko kuɗi ne. Ni ma na taɓa ajiye magani na ce wa iyalina na warke, alhali kunyar tambayar 'ya'yana kuɗin magani duk wata ce ta hana ni. Jarkar jiƙo sau ɗaya ake biya, wannan kaɗai ya isa ya ja hankalin magidanci. Ku haɗa kuɗi ku riƙa sayo masa na wata guda kafin na hannunsa ya ƙare, ba tare da ya tambaya ba. Ku nemi mai harhaɗa magani ya ba ku mai sauƙin kuɗi na kamfanin da aka yarda da shi, ku duba lambar NAFDAC a jikin kwalin. Ka kuma riƙa duba tafin ƙafarsa da tsakanin yatsunsa, domin suga yana kashe jin ƙafa. Ni ƙusa ta taɓa huda takalmina na yini da ita ban sani ba, sai da dare na ga jini a safa. Tun daga ranar ban sake fita tsakar gida ba takalmi ba, bayan sallar Isha kuma nakan taka na rabin awa.

Ɗan Autan Baba:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na bi shawarar Maman 'Yan Biyu, Yaya Babba ta yi magana da aminin Baba, jiya da yamma suka biya kemis tare aka auna shi, aka samu 171/99. Baba ya yi shiru, ya ce a sake aunawa a ɗaya hannun, da aka sake sai ya saukar da hannun rigarsa ya ce a shirya zuwa asibiti ranar Litinin. Maganar kuɗi ma da gaskiyarta, Mama ta tabbatar mini. Saura tambaya ɗaya, Malama: azumi yana tafe, kuma na san Baba ba zai yarda ya ajiye azumin ba.

Malamar Asibiti:

Alhamdu lillahi. Ku tayar da maganar azumin ranar Litinin ɗin, kada ku bari sai an ga wata, domin an fi son a zauna da likita mako 6 zuwa 8 kafin Ramadan. Da yawa daga masu shan metformin kaɗai suna yin azumi lafiya idan an gyara musu lokutan sha zuwa buɗa-baki da sahur, amma likitan da ya ga sakamakon gwajin Baba, musamman na ƙoda, shi ne zai yanke. Idan an ba shi izini, ku tanadi na'urar gwada sukari a gida, ya riƙa gwadawa da rana, kuma malamai da dama sun yi fatawar cewa ɗan digon jinin yatsa ba ya karya azumi. Idan ta nuna ƙasa da 70 ko sama da 300, ko ya ji karkarwa da gumi da jiri, ya karya azumin nan take ko da saura kaɗan a kira Magariba. A buɗa-baki dabino ɗaya ko biyu sun isa, kunu da zoɓo kuma a dama masa ba sukari. Ku tafi da tsofaffin kwalayen maganinsa da katinsa na asibiti, ku kuma ɗebi kaɗan daga jiƙon a ƙaramar gora, ku gaya wa likita kwana nawa ya yi yana sha.